Gidan 'Yan Bindiga Ne

Zariya

Ladanin unguwarmu bai kai ga kiran assalatu ba na fito da 'yar jakata. Asma'u, 'yata ta fari, ta riga ni tashi. Na tarar da ita a tsakar gida ta ɗora ruwan shayi, idanunta a kumbure. Sai da na sa takalmi sannan ta ce, "Baba, don Allah kada ka yi masa faɗa a hanya." Ta san halina. Na ce mata in dai bai taɓo ni ba, ba zan taɓa shi ba.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni, don kada ku ce yawon banza na tafi a hanyar da kowa ke gudu. Sunana Umaru, haifaffen Tudun Wadar Gusau, amma gyaran keken ɗinki ya zaunar da ni a Zariya tun ina saurayi. Asma'u ta gama karatun unguwarzoma, ta samu wanda take so, wani yaro mai hankali, Nasiru. Magana ta yi nisa, har manya sun zo gaisuwa. Sai danginsa suka tura wani matashinsu Gusau ya binciko asalinmu, kamar yadda aka saba. Ya je masallacin unguwarmu, ya sami wani tsoho, ya tambaye shi gidan su Umaru mai keke. Tsoho ya gyara zama ya ce, "Ai gidan 'yan bindiga na, tun kaka da kakanni. Kowa ya san su." Matashi bai ƙara tambaya ba, ya kamo motar gida. Tun daga ranar ƙafar Nasiru ta ɗauke daga ƙofar gidana.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce kakana ɗan bindigar sarkin ƙauyenmu ne, irin masu harba bindigar toka sama in an ga wata, ko in basarake ya dawo daga tafiya. Suka ce sun san wannan, a Zazzau ma akwai su, amma Zamfara ce fa, kuma mai neman aurar da 'ya babu abin da ba zai faɗa ba. Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai. Daga ƙarshe baffan Nasiru, Alhaji Sabo mai yadi, wanda shi ne waliyyinsa, ya ce shi ba ya yanke hukunci da ji, sai ya je ya gani da idonsa. To shi ne na tarar yana jirana a tasha, cikin farar babbar riga, da carbi a hannu kamar wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata.

Funtuwa

Ƙaramar mota muka samu, mai cin mutum shida. Alhaji ya kama gidan gaba shi kaɗai, ni aka matse ni a baya tsakanin wata mata mai buhun citta da wani ɗalibi. Mun yi sallar asuba a gefen hanya, gari na wayewa muka shiga Funtuwa.

Nan direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka ya karya. Alhaji ya ce, "A'a, ba gara mu yi sammako ba?"

"Alhaji, wannan hanyar ba a yi mata sammako," in ji direba. "Sai mun ga motocin Gusau sun fara isowa, mu ji daga bakinsu."

Muka zauna a teburin mai shayi. Na ci burodi da ƙwai, Alhaji ya sha ruwan bunu kawai, ya ce cikinsa ba ya karɓar komai. Sai da rana ta ɗaga sosai motar farko ta ɓullo daga yamma, direbanta ya ɗaga wa namu babban yatsa bai ko tsaya ba. Namu ya ce, "Bismillah, ku shiga."

Tsafe

Daga Yankara zuwa Tsafe na daina ƙirga shingayen jami'an tsaro. Damina ce, amma gonakin bakin titi gyaɗa ce da wake, babu dawa babu gero, wai an hana shuka mai tsawo kusa da hanya. Abin da na lura da shi a cikin motar shi ne babu mai kiran sunan mutanen da muke tsoro. Matar nan mai citta cewa take "mutanen nan", direba kuma "yaran".

A wani shinge soja ya leƙo ya ce, "Ina zuwa, Baba?" Na buɗe baki zan yi masa bayani tun daga tushe, sai Alhaji ya juyo da sauri ya ce, "Zumunci." Da muka wuce ya ce mini, "Malam Umaru, kai dai in an tambaye ka, ka ce gida za ka. Labarin kakanka ka ajiye mini shi." Na haɗiye abin da ya zo mini baki, saboda na yi wa Asma'u alkawari.

A Tsafe na ce mu sauka, akwai shaidata ta farko. Ina yaro mahaifina kan zo da ni wata maƙera a bayan kasuwa, inda ake gyara wa gidanmu kunamar bindiga, wato ƙarfen da ke sarar dutsen ƙanƙara wuta ta tashi. Muka sha fura a bakin tasha, mai kyau kuwa, sannan muka bi lungu. Maƙerar na nan inda na san ta. Tsohon maƙerin ya rasu, ɗansa ne a kan uwar maƙera, da mutane uku suna jiran gyaran garma.

Ni da murnata na yi sallama da ƙarfi, na ce, "Ni jikan Sarkin Bindiga ne. Nan ake gyara mana bindigoginmu tun zamanin mahaifinka."

Mai zuga wuta ya tsaya cak. Masu jira suka dubi ƙasa. Maƙeri ya ajiye masaba a hankali ya ce, "Malam, ka yi ɓatan kai. Nan garma da lauje muke yi. Ban san bindiga ba, ubana ma bai san ta ba."

Alhaji Sabo ya dube ni, ya dubi maƙeri, ya juya ya kama hanyar tasha. Ina biye da shi sai na ji an taɓa mini hannun riga. Maƙerin ne, ya biyo ni kamar mai zuwa kama ruwa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba ya sha ba ni labarin Tada-gari, bindigar gidanku. Amma don Allah kak ka sake hwaɗin kalmar ga a maƙerata. Ina da iyali." Kafin in kira Alhaji ya ji da kunnensa, mutumin ya koma. Da na faɗa wa Alhaji a mota, cewa ya yi, "To." Na ji haushin maƙerin, amma ban ga laifinsa ba.

Gusau

Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, yana nan yadda na bar shi, muka shiga Gusau bayan azahar. Keke mai ƙafa uku ya kai mu Tudun Wada. Gidanmu na gado yanzu haya ake yi a ciki, wani ma'aikacin gwamnati ne, Malam Bulus, mutumin Filato, da iyalinsa. Ya share mana ɗakin zaure, matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Alhaji da ya ce cikinsa ba ya karɓar komai, sai ga shi yana side kwano.

Bayan la'asar muka sami tsohon da ya jawo mini wannan tafiya, Malam Labbo, a kan buzunsa a ƙofar masallaci. Abokin mahaifina ne, kunnensa ya yi nauyi. Da ya gane ni ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya dubi Alhaji ya ce, "Baƙo, ka san wa kake tare da shi? Wanga ɗan gidan 'yan bindiga na."

Na sunkuya na faɗa masa a kunne abin da maganarsa ta haifar a Zariya. Ya saki hannuna. Sannan ya ce, "Subhanallahi. Yaron ga da yaz zo, ɓarayi yaz zaci nike nuhi?"

"Su ya zata, Baba."

"To mu nan ɓarayi muke ce masu, don ɓarayi na. Masu rediyo sunka ɗauki sunan mutanen kirki sunka ba su, ba su tambayi kowa ba." Ya juya ga Alhaji. "Da can ba rediyo, ba waya. In anka ga watan azumi, ƙauyukka bakwai ba su sani sai kakan wanga ya hau tudu ya harba. Kai, mun sha kwana da yunwa muna jiran ƙarar bindigarsu mu san gobe Salla."

Alhaji ya yi dariya, karo na farko tun Zariya. Amma da muka tashi ya ce mini, "Na ji. Saura gani." Malam Labbo ya ce bindigar tana Bunguɗu a hannun ƙanin mahaifina, Baba Nomau, wanda ya gaji sarautar. Ƙauyenmu ya tashi shekarun baya, shi ne ya dawo cikin gari. Rabona da shi tun rasuwar mahaifina, sai gaisuwa a bakin mutane.

Da safe muna shan koko da ƙosai Alhaji ya ajiye ludayi ya ce, "Malam Umaru, tambaya ɗaya. Cikin danginku kaf, babu wanda ya shiga daji?"

Na ce, "Babu." Iyakar sanina ke nan, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Bunguɗu

Tafiyar ba nisa, kafin mutum ya gama gyara zama an iso. Wani mai sayar da rake ya nuna mana gidan, can wajen gulbi. Ɗaki ɗaya aka ara wa Baba Nomau da matarsa Inna Ige a gidan wani manomi. Ya tsufa ƙwarai, ya rame, amma muryarsa na nan. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini faɗan rashin zumunci, na karɓa don na ci a yi mini. Sannan na gabatar da Alhaji, na faɗi abin da ya kawo mu.

Baba bai yi mamaki ba. Ya ce, "Ku shigo ku ganta."

Tana rataye a bango a kan ƙusoshi biyu. Da ya sauko da ita ya tsayar, bakinta ya kai mini haɓa. An naɗe ƙotar da jar fata wadda hannuwa suka mayar baƙa, ga zobban tagulla a jikin ƙarfen, ga wani rubutun Nasara da ya goge har ba ya karantuwa. Ya ce kakansa ya same ta a hannun fataken goro da suka dawo daga Gwanja, su kuma daga bakin teku suka samo ta. Ƙotar an sake ta sau biyu, kunamar kuwa aikin Tsafe ce. Ƙarfen ne kaɗai na asali.

Alhaji ya sa yatsa ya shafa tagullar. Ya ce, "Ta ga yaƙi?"

"An ce ta gani, kahin zuwan Nasara. Amma ni tun da na buɗe ido ba a taɓa sa mata harsashi ba. Albarushi da tsumma kawai, bakinta sama. Ɗan bindiga ba shi nuna mutum da ita ko da wasa. Ranar da na gwada ina yaro, ubana ya yi mani dukan da har yau nike tunawa."

Baba ya ce mai unguwa ya san da ita, kuma shi Baban ya cire mata ƙanƙara tun ranar da ya shigo gari. Alhaji ya tambaya ko har yanzu tana tashi. Baba ya ce, "Tana tashi. Amma Alhaji, in na harba ta yanzu, kahin hayaƙi shi washe mata sun ɗauki goyo sun hwaɗa gulbi. Da can in anka ji ta, guɗa ake yi."

Sai ya ce mu fito tsakar gida ya nuna mana yadda ake yi. Ya rataya ƙahon albarushi wanda babu komai a ciki. Ya karkata shi a bakin bindiga kamar yana zubawa, ya cusa tsumman da babu, ya zaro sandar ɗuri ya danna, ya sake dannawa, yana kasa kunne kamar mai jin amsa daga ciki. Ya ja kunama baya. Sai ga tsohon da ɗazu sai da na kama shi kafin ya tashi daga tabarma, ya ja da baya taku biyu, ya yi juyi, ya ɗaga ta sama, ya kau da fuska gefe, ya ja. Abin da muka ji kawai shi ne ƙas.

Inna Ige na bakin murhu. Ta kama hanci ta yi masa guɗa, amma ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ji. Ni dai hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Tausayinsa ya kama ni, da tausayin garin da bindigar murna ba ta da wurin tashi a cikinsa. Na saci kallon Alhaji, na ga ya daina jan carbi. A raina na ce shi ke nan, auren Asma'u ya tsaya da ƙafarsa.

Da muka koma ɗaki Baba na mayar da ita, sai Alhaji ya nuna bango ya ce, "Baba, waɗannan ƙusoshin biyu na ƙasa fa? Na ga babu komai a kansu."

Ni ban ma lura da su ba. Baba ya zauna a bakin gado. Ya dube ni, na gane akwai magana, na yi masa ido iyakar iyawata. Ya kau da kai.

Ya ce, "Na ƙanwarta na. Biyu munka gada." Ya ce shekarar da aka kashe babban ɗansa a gona aka kore shanu, jikansa Lawali ya ɗauki ƙaramar ya shiga 'yan sa-kai. Shi ne na farko a gidanmu da ya ɗura mata harsashi. Da farko gadin gari suke yi. Daga baya Baba ya ji abin da suka aikata wa wasu bayin Allah a hanyar kasuwa, mutanen da ba su yi wa kowa komai ba, ya ce masa kada ya sake shigo masa gida da ita. Yaro ya fita bai dawo ba. "Wasu sun ce sun gane shi cikin daji, tare da waɗanda yat tahi yaƙa. Wasu sun ce ya mutu. Ban sani ba. Amma jinina na, jinin Umaru na, jinin yarinyar ga da kuke nema na. Ba ni ɓoye maka, tunda aure kaz zo nema."

Jiya-jiyan nan da safe, a'a, yau ɗin nan, na ce wa mutumin nan babu.

Alhaji ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce, "Nan ɗakin aro ne, Baba. Ka zo nan ƙaramar ba ta hannunka. Me ya sa ka kafa mata ƙusa?"

Baba ya ce, "Ko da za ta dawo."

Komawa

Ba mu kwana ba. Inna Ige ta ƙulle mana ƙuli-ƙuli a leda, Baba ya rako mu har ƙofar gida. Da na durƙusa sallama na kasa daurewa, na ce masa a hankali, "Baba, da ka bari." Ya dafa kaina ya ce, "Da na bari, da wani ya hwaɗa masu bayan ta haihu."

Muka samu mota a Gusau kafin azahar, don direbobi ba sa yarda yamma ta same su tsakanin Tsafe da Yankara. Wannan karon Alhaji bai nemi gidan gaba ba, baya ya shigo kusa da ni, amma har Funtuwa carbinsa kawai yake ja. Ni kuwa ina ta shirya yadda zan faɗa wa Asma'u. Na yi fushi da Baba Nomau, na huce, na sake yi. Na tuna Lawali ma na taɓa ganinsa yana rarrafe, ranar wani suna. Shingaye suka yi ta wucewa, ko sojojin ban gani ba.

Zariya

Ana kiran magariba muka sauka. Muka yi salla a masallacin tasha. Da muka fito na miƙa wa Alhaji hannu, na ce, "Alhaji, ka gani da idonka. Abin da na ce maka da safe, Allah ya sani ban sani ba. Duk abin da kuka yanke, ba zan riƙe ku a rai ba." Ƙarya nake yi, zan riƙe.

Bai saki hannuna ba. Ya ce, "Zan faɗa musu duk abin da na gani, har ƙusoshin nan biyu. Na san akwai waɗanda za su ƙi zuwa ɗaurin aure, cikinsu har da yayata. Su ƙi. Ni ke karɓar wa Nasiru aure, ba su ba." Ya gyara babbar rigarsa. "Amma da sharaɗi. Ba daga hannunka zan karɓa ba, kai baki gare ka. Tsohon nan za ka ɗauko mini, shi zai ba ni."

Ya tari ɗan acaɓa ya hau ya tafi.

Da ƙafa na taka zuwa gida, ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu a hanyar da wasu suka bi ba su dawo ba. Na gode wa direbobin da suka san lokacin tafiya da lokacin jira, da Malam Bulus da iyalinsa, da Malam Labbo wanda ya ɓata kuma ya gyara. Lawali kuwa, in yana da rai, Allah ya karkato da shi gida, ko babu bindigar.

Ban kai ga buga ƙofa ba Asma'u ta buɗe. Ta karɓi jakar tana duban fuskata.

Na ce, "Je ki faɗa wa uwarki a gyara ɗakin zaure, a sa katifa mai laushi. Sarkin Bindiga zai zo ba da aurenki."

Ta zauna a nan bakin ƙofa, da jakar a cinyarta, ta rufe fuska da mayafi.